Sai-an-duba Zai Sayi Babur

Duk wanda ya ce hikima ta ƙare a duniya bai taɓa shiga ofishin Babban Akawu ba. Ga shi nan bayan teburinsa, alƙaluma uku a aljihun gaba, tabarau a ƙarshen hanci, hatimi a dama, tulin fayil a hagu. Shekara ashirin da bakwai yana aiki bai taɓa yin kuskure ba. Mahassada na cewa ai don bai taɓa yanke hukunci ba ne, amma mu ba ma sauraron mahassada. Ko izinin zuwa asibiti ka nema, zai ɗaga gira ya ce, "Sai an duba." Har sunan ya bi shi, ko da yake a gabansa Yallaɓai ake cewa.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, shi ne latti. Gidansa na bayan gari, motar haya kuwa ba ta san darajar manya ba. Da sabuwar manaja ta zo, mace marar wasa, sai ta ba shi wata guda: ko ya riƙa isowa ƙarfe takwas, ko ya bar wa wani kujerar, a mayar da shi ɗakin tsofaffin takardu inda babu ko taga. Ranar ya tsorata ƙwarai, har shayinsa ya huce bai kurɓa ba.

Maganin a fili yake, babur. Bakaniken unguwarsu na da wani tsoho baƙi, kujerarsa da faci, amma injinsa lafiya lau. A shagon bakin titi kuma ga sabo ja yana ƙyalli, da maɓalli ake tayar da shi. Da wani gama-garin mutum ne, da ya zaɓi ɗaya kafin la'asar. Yallaɓai ba gama-gari ba ne. Ya buɗe fayil.

Ya tara iyalinsa a falo, ya miƙe tsaye, ya gyara murya. "Lamarin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. A ɓangare guda, da tsohuwar zuma ake magani. A ɗaya ɓangaren, araha ba ta ado. Mutum mai matsayi irina ba ya hawa abu don kawai yana tafiya." Matarsa ta ci gaba da ninke wanki, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Mako na farko ya ƙare a garejin bakanike. Ya zagaya tsohon sau uku, ya ƙwanƙwasa tankin da alƙalami, ya nemi a ba shi tarihin rayuwarsa a rubuce. Bakanike ya buga kik sau ɗaya, injin ya kama. Yallaɓai ya girgiza kai ya ce saurin tashin nan ma abin bincike ne. Mako na biyu ya koma shago. Ya hau sabon yana kafe kan jak, ya daidaita madubin har ya ga fuskarsa sosai, ya yarda cewa ta dace da wurin. Sai dai ya lura ƙarfen zamani ba shi da nauyi, ya rubuta wannan ma.

Daga nan aka shiga neman ra'ayi. Akwai masinjan ofishin, wani dattijo marar surutu, wanda ya yi shekara ashirin yana kai takardu a ƙafa. Shi aka ɗora wa fayil ɗin, daga bakanike zuwa mai shago, daga mai shago zuwa surukin Yallaɓai da ya taɓa mallakar keke. Har matar gidan aka kai wa don ta sa hannu. Ta rubuta, "Ka sayi ko wanne. Gishiri ya ƙare." Duk wannan lokaci Yallaɓai na isowa ofis tara da rabi, manaja kuma na kallon kalanda.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, aka kammala rahoto, shafi goma sha ɗaya, da hatimi a kowanne. Hukuncin shi ne a sayi tsohon. Yallaɓai ya sa kayansa na fita, ya nufi gareji don ya sanar da babur ɗin sa'ar da ta same shi.

"Ai an saye shi tun shekaranjiya, Yallaɓai," in ji bakanike, bai ma ɗago daga tayar da yake liƙewa ba.

Ya ruga shago, karo na farko da aka ga ya yi sauri. Mai shago ya ce jan ma ya tafi, sabbin kaya sai wata mai zuwa. Ya fito ya tsaya a bakin titi, rahoto a hammata, gumi na bin wuyansa. Ɗakin tsofaffin takardu kawai yake gani.

Sai ga tsohon baƙin babur ya tsaya a gabansa. Masinja ne a kai.

"Ranka ya daɗe, fayil ɗinka ne ya gamsar da ni. A hanya na riƙa karanta shi. Tun a shafi na huɗu na gane tsohon ya fi."

Yallaɓai ya gyara tabarau. Can ya ce, "Da ma na shirya ɗaukar direba. Gobe ka zo gida ka ɗauke ni."

"Ba damuwa, Yallaɓai. Amma ka fito bakin kwalta bakwai da rabi daidai. Ni tun da nake ban taɓa latti ba, in ban gan ka ba wucewa zan yi."