Ranar da Aka Naɗa Lado Sarkin Lungu

Shekarar da ambaliya ta ci Jidda, lungun su Luba a unguwar Karantina ya koma kwata zalla. Al'adar lungun kuwa, duk bayan aikin Hajji dattawa kan naɗa Sarkin Lungu, mai cike ramuka, mai zuwa baladiya, wato hukumar gari, ya roƙo motar zuƙe ruwa. Ba ƙuri'a ake yi ba: wanda ruwa ya fara shiga ɗakinsa shi ake ɗora wa, wai shi ya fi jin zafin abin. Bana sai ta faɗa kan Lado tela, ɗan kawun Luba kuma abokin wasanta, mutumin da ya shekara ashirin ba iƙama, wato takardar izinin zama. Da ta ji, sai ta nufi ɗakinsa a tsorace. Amma ina, bakin Luba ba ya mutuwa!

"Barka da sarauta, ranka ya daɗe, Sarkin Kwata! Ina fadawan, ko sauron nan ne?"

"Durƙusa ki gaishe ni da kyau, baiwata. Daga Hajji zuwa Hajji mulki nawa ne."

"Wa ya taɓa cikawa? Usuman wata huɗu ya yi aka damƙe shi a ƙofar baladiya, sai jirgin Kano. Abdulghaffar ko azumi bai kai ba."

"Su ba su da kwarjini. Ni askari na ganin rawanina zai sara min."

"Rawanin ragowar labule? Da wane Larabcin ma za ka yi bayani? Yalla da halas?"

"Ya fi naki, mai shekara talatin tana ce wa mai burodi sannu."

"Ka ce wa dattawa ciwon ƙafa ya matsa maka mana, tsohon banza."

"Jiya aka kwashi jikar maƙwabciyarmu Tani zuwa asibiti, amai da gudawa. Ruwan nan ne. In na ƙi, wa zai je? Gobe da hantsi zan tafi."

Sai ya laluba aljihu, ya miƙo mata makullin ɗakinsa.

"Ungo. In la'asar ta yi ban dawo ba, keken ɗinkin naki ne. Ki riƙa sa masa mai, ban da irin rowar da kike wa miyarki."

Luba ta karɓa. Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ƙulle makullin a bakin mayafi.

"Yau ka ci, ranka ya daɗe. Amma don Allah ka dawo in rama."