Gam Ɗin da Aka Raba Mana Bisa Adalci

Yau da safe na jingina da tankin ruwan unguwarmu ina jiran a zo kaina, da na tashi matsawa sai rigata ta ƙi bina. Maƙwabcina mai wanki ne ya ɓamɓaro ni, yana dariya har da riƙe ciki.

Tankin nan ya daɗe da tsagewa. Kafin hantsi ruwan ya tsiyaye, mata su koma gida da bokiti a bushe. Muka yi ta kuka har Mai Girma Uban Tallafi ya ji, Allah ya ƙara masa yawan motoci. Ya zo da masu hoto da gwangwani biyu na gam ɗin ifoksi.

Shi wannan gam, jama'a, ba iska ke busar da shi ba. Gwangwani ɗaya ƙaro ne mai yauƙi, ɗayan kuma sinadarin da ke daskarar da shi. Sai an auna an gauraya su, su ɗau ɗumi, su sarƙe da juna, sannan su zama kamar dutse, ruwa bai isa ya ratsa ba.

Amma Mai Girma mutum ne mai adalci. Da ya ji unguwar bayanmu ma tankinsu na yoyo, sai ya miƙa mana gwangwani ɗaya, ya miƙa musu ɗaya. Muka tafa, har da ni, don kada hoto ya fito da ni ina ɓata rai.

Muka shafe namu tas a jikin tankin. Har yau yana nan danƙo, yana kama ƙuda da rigunan bayin Allah. Su kuwa can nasu wari kawai ya bar musu da ƙaiƙayin hannu.

"Malam," in ji mai wanki, "to mu kankare namu mu kai musu mana."

"Da ƙudajen?" na ce.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na sauya riga na tafi ofishin Mai Girma. Wani mai babban teburi ya saurare ni tsaf, ya ce an gano kuskuren, kuma ba za a zalunci kowa ba.

"Baɗi ku za a ba sinadarin," ya ce, "su a ba su ƙaron."

Na yi godiya, na dawo na ce wa maman yara ta ci gaba da lallaɓa ruwan randa.