Sati Huɗu a Kasuwar Takubba

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na miƙe zan gyara wa mutane zama ba, a wani ɗaki da ke saman gidan abinci a unguwar Xiaobei, can ƙasar waje.

Ni 'yar kasuwa ce, riguna nake sarowa a kasuwar Canaan in aika Kano. Boko kuwa sai da na aurar da 'yata na shiga ajin manya, don haka ba a miƙo min takarda in raina ta. Nafisa, 'yar ƙanina da ke jami'a a unguwar Tianhe, ita ta ja ni wasan da suke yi duk Lahadi. Mu shida ne a tebur. Ita ke ba da labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya a labarin yana magana da bakinsa, in za ka yi abin kasada ka jefa ɗan lido ya yanke hukunci. (Sai da na tabbatar ba caca ba ce kafin na zauna.) Takardata ta ce ni jaruma ce, za mu je bayan dutse mu kashe dodon da ya tare hanyar fatake.

Na so wasan nan. A garin da ba ni da dangi sai Nafisa, teburin nan ne tsakar gidana. Kuma na iya! Da labari ya kai mu kasuwa sayen takubba, ni na tsaya wa tawaga. "Laoban, buɗe kwali," in ce wa mai shago, wato Nafisa. In sa a fito da takubba ɗaya bayan ɗaya, in lanƙwasa, in tambayi wata kala. Ta ce "meiyou", babu ke nan, in ce mu je shago na gaba. Wanda ya taɓa buɗe kaya a Kano ya tarar an sauya masa ba ya sayen abu a rufe.

Wata rana a jirgin ƙasa Nafisa ta ce, idonta a ƙasa, "Gwaggo, wasan nan zai watse. Mutum biyu sun daina zuwa. Akwai mai ɓata mana."

"Waye?"

Ta kawar da kai tana murza bakin mayafi.

"Bar min shi," na ce. Ai na san shi: Lawali, wani ɗan Maraɗi mai karatun injiniya, kullum kansa a waya, yana hamma kamar kada.

Ran Lahadi bayan la'asar, ana zama na miƙe, na gyara ɗaurin zane.

"Kai Lawali! Yarinyar nan tana ɓata kwana uku tana tsara labari, kai ka zo kana latse-latse. Wanda ba zai bar mutane su yi wasa ba, ga ƙofa. Ba mu son mai cinye wa jama'a lokaci!"

Nafisa ta rufe fuska da littafinta. (Na ɗauka godiya ce.)

Lawali ya ajiye wayar a hankali.

"Pardon, Hajiya. Layi nake jira ya zo kaina. Yau sati huɗu muna cikin kasuwar nan. Ni maharbi ne, ko kibiya ɗaya ban harba ba. Dodon nan ina jin ya tsufa ya mutu."

Wata ɗaliba ta ƙware da shayi. Na juya ga Nafisa.

"Ni ce?"

"Gwaggo, ai ba zan iya faɗa miki ba."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Na zauna, na ce, "Lawali, ka yafe min. Ku kafa min doka." Suka kafa: tambaya uku a kowane shago, in na wuce Lawali ya buga cokali a kofi. Sati biyu bayan nan waɗanda suka gudu suka dawo.

Takobin kuwa a rufe na saya, ko leƙawa ban yi ba. Muka isa bayan dutse, na kai wa dodo sara, ɗan lido ya faɗi a kan ɗaya, mafi munin jifa. Nafisa ta ce takobi ya karye.

"Kun gani?" na ce.

Lawali ya buga cokali.

Tun daga ranar, in aka ce min akwai mai ɓata taro amma aka ƙi faɗin suna, ba na miƙewa. Nawa kwalin nake fara buɗewa.