Ranar da Na Rama wa Malam Zagin da Ba a Yi Masa Ba

Ba zan taɓa mantawa da walimar ritayar Malam ba, ko da kuwa na so. Malam mijina ne, Allah ya jiƙansa. Turanci ya koyar a sakandare nan Gumel har furfura ta cika masa kai. Ni kuwa bokona a firamaren Ɗanzomo ya tsaya.

Da yara suka girma, gida ya yi shiru, sai ya mai da ni ajinsa. Bayan la'asar ina tsince riɗi a faifai, shi yana kan tabarma yana fasa mini kalmomi kamar mai ɓare gyaɗa. A cewarsa Turawa ma aro suka yi, rabin kayansu na Girkanci ne da Latin. Ya ce *tele* nisa ne, *phone* murya, ki haɗa ki sami tarho. Ya ce ɗan *in* ɗin nan da ake liƙawa a goshin kalma daga Latin ya zo, aikinsa ya kore ma'ana: *correct* daidai, *incorrect* ba daidai ba. Wannan dokar ta zauna mini daram. (Ita kaɗai ce ma ta zauna, sauran da riɗin suke bin iska.) Ya kuma nuna mini abin da suke kira *irony*, wato gugar zana, mutum yana murmushi yana yanka ka.

Ranar walimar an kafa rumfuna a filin makaranta. Ina ɓangaren mata, kusa da maƙwabciyata Hajiya Talatu, ina ta maimaita jimlar godiya da Malam ya haddatar da ni. Burina ɗaya, ya ga wahalarsa a kaina ba ta tashi a banza ba.

Shugaban makaranta ya miƙe ya kama jawabi da Turanci. Ina tsintar ɗaya ina zubar da uku, sai na ji ya ce aikin Malam a makarantar *invaluable* ne. *Valuable* na sani, mai daraja ke nan. To ga *in* a goshi. Na duba fuskarsa, murmushi yake. Na ce ga gugar zanar. Na waiga wajen Malam, na ga ya sunkuyar da kai yana goge ido, na ce bawan Allah ya ji, ya haɗiye.

"Me ya ce ake tafi haka?" in ji Hajiya Talatu.

"Zaginsa ya yi."

"A gaban jama'a? To tafin fa?"

"Ba su san Latin ba," na ce mata. (Allah ya yafe mini.)

Can aka kira uwargida ta zo ta karɓi agogon bango da shadda, aka miƙo mini makirufo. Jimlar godiya ta gudu. Na fuskanci shugaban na ce:

"Ranka ya daɗe, Turancina kaɗan ne, amma ina jin zagi in an yi shi. Mutumin da alli ya cinye masa yatsu, aka tura shi Gagarawa ya yi ta zirga-zirga a babur ruwa na dukansa, yau ka ce aikinsa ba shi da daraja? *My husband is valuable.* Ka cire masa *in* ɗin nan!"

Wata akuya ta yi kuka a bayan katanga. Sai dariya ta taso daga layin ɗalibai, ta bi ta kan malamai, ta iso har manyan baƙi. Shugaban ya dafe ƙirji yana cewa, "Hajiya, wallahi yabo ne! Yabo ne babba!"

Malam ya taso a hankali ya karɓi makirufon daga hannuna. Ya ce kalmar tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. *In* ɗin yana nan yana aikinsa, amma ba darajar ya kore ba, iya ƙiyasta ta ya kore. Sannan ya ce, "Kada ku ga laifin ɗaliba. Malaminta ne bai ƙarasa darasin ba." Ni dai na rungume agogon na rufe fuska da shi.

A hanyar gida, ina bayansa a babur, na ce, "Malam, me ya hana ka gaya mini?"

"Na ajiye miki shi sai kin shiga aji biyu," ya ce. Da muka wuce kasuwa ya ƙara, "Duk yaran da na koyar, babu wanda ya taɓa tsayawa ya yi faɗa a kaina. Na ba ki maki cikakke."

Aji biyun bai samu ba. Malam bai daɗe ba bayan ritayar.

Abin da na koya shi ne, in na ga mutane suna tafi, in fara tambayar dalili kafin in karɓi makirufo. Matan unguwa har yau Hajiya Cire-masa-in suke kirana, kuma ina amsawa.