Anaruwa da Igiyar Waifa

A garinmu, Tudun Kanya, akwai gidan Iya Delu, mai ɗaki uku da darbejiya a ƙofa. 'Ya'yanta biyu ne, duka maza. Babban shi ne Anaruwa, wanda aka haifa ana tsuga ruwan sama. Ƙaramin kuwa Sallau ne, direba, mai wata tsohuwar Pijo da yake jigilar 'yan kasuwa da ita. Sallau akwai wayo, akwai saurin fushi. Shi kuwa Anaruwa Allah Ya ba shi ƙarfi da gaskiya da farar zuciya, sai dai duk maganar da ka faɗa masa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Ya haura arba'in, babu sana'ar da ba a gwada shi a kai ba, babu kuma wadda ba a sallame shi ba. Ni dai ban taɓa jin haushinsa ba, wataƙila don ban taɓa aikensa ba.

Abin da ke cin ran Iya Delu shi ne tsufa ya kama ta, ga shi dangi sun yanke shawarar a tura Anaruwa can ƙauyen kawunsu, tafiyar yini guda, ya riƙa gadin gona. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa kwana a wani gari ba. Da ta ji haka sai ta kira Sallau, ta roƙe shi ya ɗauki yayansa a matsayin yaron mota. Sallau ya yi ta kawo dalilai, ita kuwa ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka riƙe yayanka, kada ka sake shi." Sallau ya yarda, amma da sharaɗi. Damina ɗaya za a gwada. In ta wuce lafiya, Anaruwa ya zauna, in kuwa ba haka ba, sai gonar Kawu. Haka aka sami yaron mota mai furfura a gemu, wanda maigidansa ke ce masa Yaya.

Wata rana Sallau yana nuna masa yadda ake wanke gilashin gaba, sai ya ɗaga waifa, wato sandunan nan biyu masu roba da ke share ruwa, ya ce masa ya kula da su sosai, don robar ba ta son rana, rana ce ke busar da ita ta tsage. Anaruwa ya gyaɗa kai, tausayin robar ya kama shi. Washegari aka ɗebi fasinja aka kama hanya, ba a yi nisa ba ruwa ya sauko. Sallau ya murɗa maɓalli, sai ga wasu guntayen ƙarafa biyu suna juyi a gindin gilashi, ba sanda ba roba.

"Yaya, ina waifa?"

"Tana inuwa," in ji Anaruwa. "Na naɗe ta a tsumma, na ajiye bayan randar Iya."

Ranar nan Sallau da kansa a waje ta taga ya yi tuƙi har kasuwa, iska ta tafi da hularsa, ya isa a jiƙe sharkaf kamar kazar da ta faɗa rijiya. Da suka dawo ya mayar da waifar, ya ce daga yau ko rana za ta narkar da ita, kada a sake cire ta.

Wata rana kuma ya buɗe bonet ya nuna masa ɗan farin tankin da ke tsirto ruwa a gilashi. Ya ce bututunsa siriri ne, ruwan datti na toshe shi, saboda haka abin da ba zai iya sha ba kada ya zuba a ciki. Anaruwa mutum ne mai amana, bai yi wasa da maganar ba. Ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya ji damina ta gurɓata shi, ya tofar. Ya ɗanɗana na kududdufi, wannan ma bai shawu ba. Sai ya tuna da zoɓon da Iya Delu ke yi na sayarwa, wanda a duniya babu abin da yake iya sha kamarsa. Ya cika tankin taf. Da hantsi suna cikin tafiya tsuntsu ya yi kashi a gilashi, Sallau ya ja maɓallin ruwa, sai ja wur ya wanke musu gaba. Gwaggo Tabawa mai daddawa, wadda ba ta fashin kasuwa kuma ba ta fashin magana, ta saka salati daga baya, ta ce an take mutum. Sallau ya taka burki, kowa ya fito yana leƙen ƙarƙashin mota, ba a ga ko ƙadangare ba. Sai wani ya lakato jan abin ya kai baki, ya ce har da citta da kanumfari. Kafin su koma ciki zuma ta ji ƙamshin sukari, ta raka su har bakin kasuwa, tagogi a rufe, ana ta gumi.

Wata rana aka ce masa ya goge gilashin baya har kada ya bar zane ko ɗaya. Ya goge, ya goge, amma wasu siraran layuka masu launin ƙasa da suka ratsa gilashin daga gefe zuwa gefe suka ƙi fita. Ya je ya aro reza. Allah Ya taimaka layi biyu kawai ya kankare Sallau ya iso, ya riƙe masa hannu. Ya zaunar da shi, ya danne fushinsa don darajar girma, ya yi masa bayani cewa waɗannan wayoyin wuta ne, ba datti ba. In ana ruwa, tagogi na rufe, numfashin fasinja kan sa gilashin ya yi gumi har direba ya kasa ganin baya, to a nan ake danna wannan maɓallin, wayoyin su ɗau ɗumi. Don ya gane sosai, ya ƙara da cewa duk wata laima da ta hau gilashin nan, maɓallin nan zai busar da ita. Da ma ya tsaya a bayanin farko.

Ba a yi mako ba, wata rana Iya Delu ta yanka kuɓewa za ta shanya, sai gari ya lumshe, kwana biyu ba rana, ta yi ta mitar za ta ruɓe. Anaruwa ba ya son ganin ɓacin ran uwarsa. Da sassafe ya karɓi makulli don wanki kamar kullum, ya kwashi kuɓewar ya manna ta ɗaya bayan ɗaya a gilashin baya, ya murɗa makulli, ya danna maɓalli, ya zauna yana jira. Lokacin da fasinja suka taru, batir ya mutu murus. Sai turi. Da liman da mai shayi da ni kaina duk muka sa hannu, kuma duk wanda ya dafa gilashin baya sai yauƙi ya kwashe masa hannu. Sau uku muka kai ta gangaren makaranta kafin ta tashi. Abin da ya fi ba Sallau takaici shi ne kuɓewar ko alamar bushewa ba ta yi ba. Ranar ya je ya sami uwarsu ya ce haƙurinsa ya ƙare. Ta ce damina ai saura kaɗan. Ya ce to, saura dama ɗaya, daga ita babu wani roƙo.

Wata rana, ranar babbar kasuwar Rafin Zuma, Iya Delu ma ta bi su don ta sayo yakuwa da kayan miya. Da suka isa tasha, direbobi suka shaida wa Sallau cewa ɓarayin waifa sun addabi wurin, ka juya baya kaɗan a zare maka. Sallau zai shiga kasuwa, ya tsaya ya auna maganarsa da kyau, don ya ga jiya ya ga yau. Ya ce wa Anaruwa kada ya cire waifar, kada ya ɓoye ta, kada ya zuba mata komai, ya dai riƙe ta, kada ya sake ta daga hannunsa. Anaruwa ya kwanta a kan bonet, kowane hannu da sanda guda. Da azahar ta yi, ga salla ga yunwa, sai ya shiga tunani. Ya kira wani mai sayar da igiya, ya karɓi doguwa. Ya haɗa sandunan biyu da ita kamar shanun huɗa, ya zaro baki ɗaya ta tagar direba, ɗayan ta tagar da yake zama, ya ɗaure su a wuyan hannayensa. Da igiyar ya yi alwala, da ita ya yi salla a gefen mota, da ita ya ci ɗanwake.

Sallau ya dawo ya tarar tasha ta cika da dariya. Direbobi suna tambayarsa ko jaki ya saya, wani ya ce a kawo wa motar dusa. Kunya ta rufe shi. Ya dubi yayansa, bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ba ni da sauran magana da kai. In mun isa gida, ka haɗa kayanka." Iya Delu tana kujerar baya, ta ji, ta ja mayafi ta rufe fuska. Anaruwa ma ya gane wannan karon, don maganar ba ta da lauje. Ya shiga gaba ya zauna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce a hankali wa zai riƙa ɗebo wa Iya ruwa. Igiyar kuwa tana nan a hannunsa, don ba a ce ya saki ba, kuma hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, ba wanda ya tsaya kwance ta.

To, tsakanin Rafin Zuma da garinmu akwai wani kwari mai 'yar gajeriyar gada. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ba a daɗewa rafi ke haurowa ya shafe ta, ya cika kwarin. Bayan la'asar suna gangarawa cikinsa ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Waifa ta yi aiki, ta yi aiki, sai aka ji ƙas, ƙarfen da ke haɗa ta da injinta ya ɓalle, sandunan suka kwanta. Daga baya bakanike ya ce tsatsa ce ta daɗe tana cin sa. Gilashi ya koma fari fat. Sallau ya tsaya, ya leƙa ta taga, ruwa ya mare shi a ido, ko bonet ba ya gani. Baya ba ta komuwa saboda santsin gangare, tsayuwa kuma ba ta yiwuwa, don ruwa ya fara lasar tayoyi.

Anaruwa bai san komai game da gada ba. Abin da ya gani shi ne iska na fizgar waifa za ta ƙwace masa, shi kuwa an ce kada ya sake ta. Sai ya ja igiyar dama da ƙarfi, sandunan biyu suka miƙe suka share gilashin, hanya ta bayyana. Ya ja ta hagu, suka dawo, ta sake bayyana.

"Yaya," in ji Sallau, "sake ja."

"Ka ce ba ka da sauran magana da ni."

"Na samo wata. Ja dama, ja hagu, kada ka tsaya sai na ce."

A duniya babu wanda ya fi Anaruwa iya bin irin wannan umarni. Ya shiga ja, dama, hagu, dama, hagu, kamar mai saƙa, igiya tana goga wa Sallau ƙirji, ruwa yana feso su ta tagogi. Fasinja suka kama masa ƙirga. Sallau ya sa giya ɗaya, ya daidaita tayoyi a kan gadar da ruwa ya riga ya fara hawa, suka lallaɓa suka haye. Da suka kai tudu, Gwaggo Tabawa ta goge gilashin baya da gefen zaninta, daidai inda layi biyun nan suka mutu, ta leƙa. Ta ce babu gada, sai jan ruwa yana tafe da itatuwa.

Kafin su iso gari ruwa ya ɗauke, har rana ta leƙo, amma Anaruwa na ta ja a busasshen gilashi, waifa na ƙiƙi-ƙiƙi, don ba a ce ya tsaya ba. Sai a gindin darbejiya Sallau ya tuna, ya ce ya isa. Fasinja suka sauka suna sa albarka, Gwaggo Tabawa ta danƙa wa Anaruwa daddawa har ƙulli uku. Aka bar su su uku a mota. Sallau ya ga igiyar ta ci wuyan hannayen yayansa har sun yi ja. Anaruwa ya ɗago hannayen ya nuna masa.

"Zan je in haɗa kayana. In saki?"

Sallau ya ɗaga ido, ya haɗa da na uwarsu a madubi. Ya sa hannu ya kwance ƙullin da kansa, ya naɗe igiyar a hankali, ya mayar masa da ita a tafin hannu.

"Riƙe ta, Yaya. Gobe da sassafe akwai kasuwa, kuma ban san mai ja kamarka ba."

Iya Delu ta sauke mayafinta ta share hawaye, ta ce su zo su sha zoɓo, in dai an bar mata saura. Tun daga ranar ba a sake zancen gonar Kawu ba. An gyara waifa, amma igiyar tana nan rataye a madubin motar, kuma har yau in Sallau zai aiki yayansa sai ya yi shiru tukuna, ya juya maganar sau uku a bakinsa.