'Yar Aike Marar Fuska

"Lafiya lau, amma ba da taimakonka ba. Gajiya kuwa ai ba a tambayar wanda bai tsinana komai ba."

Amsar da Hajiya Ruƙayyatu ta ba jikanta ke nan, shi kuwa yana durƙushe a bakin tabarma da kwali biyu a hammata, taɓon hanyar Gidan Waya har gwiwar wandonsa. Jamiluddeen ɗalibi ne a kwalejin horar da malamai da ke can, kuma duk cikin jikokinta shi ta ɗauka miji tun yana zanen goyo. Auren nasu bai taɓa ganin ranar zaman lafiya ba.

"Haba amarya, ko ruwa babu, sai zagi?"

"Amarya a gidan wa? Miji ya ɓace tun farkon damina, ya dawo da kwali. Kwalin zan dafa?"

"Abin da ke ciki ya fi buhun shinkafa."

"Kawo buhun tukuna, in ya so a gwada."

Ta san abin da ke cikin kwalayen, kuma tun jiya take fargabar zuwansu. Kwanakin baya santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ta kasa tashi, tana nan kwance cikin yayyafi har sai da maƙwabciyarta Mama Lucia ta shigo aron rariya. Wayarta na ɗaki, kuma ko da tana hannunta, yanar ido ta riga ta raba ta da lambobi. Da labari ya kai wa babban ɗanta, mahaifin Jamilu, a Kaduna, sai ya yanke hukunci: a haɗa kayanta ta koma gidansa. Jamilu ne ya shiga tsakani, ya ce akwai na'urar da ake yi wa magana da baki ta kira mutum. Uban ya amince da sharaɗi ɗaya. In ita da kanta ta kira shi ba tare da hannun kowa ya taɓa komai ba, ta zauna. In ta kasa, mota na zuwa ƙarshen mako.

Ita kuwa Hajiya ba ta ga abin da zai raba ta da gidan nan na bayan kasuwar Kafanchan ba. A nan ta yi aure, a nan ta shanya cittar da ta yi wa 'ya'yanta makaranta da ita, a nan aka ɗauki gawar mijinta Alhaji. Ga kajinta, ga mangwaronta, ga Mama Lucia da suke faɗa kan kwata da safe su raba goro da yamma.

Jamilu ya buɗe kwali na farko, ya fito da wani abu mai fuskar gilashi kamar ƙaramin talabijin. Na biyun kuwa baƙi ne, kewayayye, bai fi dunƙulen fura ba.

"Aro na yi a shagon abokina. Ki gwada duka, ki zaɓi ɗaya, in mayar da ɗaya. Kin ga dai irin mijin da Allah ya ba ki."

"Na gani. Mijin da ko kyautarsa aro ce."

"Wannan mai gilashin ita ce babbar. Tana nuna agogo, tana nuna hoto, tana kunna karatu. Kina magana tana rubuta abin da kika faɗa."

"Ta rubuta ta kai wa wa? Ni ban ajiye ɗan sanda a ɗakina ba."

"Ba ta kai wa kowa. Kuma ga ido nan a samanta. In kin kira Baba, zai gan ki, ki gan shi."

"Ya gan ni? Ba ɗankwali, ina taunar goro da haƙori uku?"

"Biyu dai, Hajiya. Na ƙirga ranar Sallah."

"Da biyun zan cije ka. Juya min ita ta kalli bango."

Ɗankwali dai hujja ce kawai. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne fuskar da za ta bayyana a gilashin, ta ƙura mata ido a tsakar ɗakinta, ba labule, ba inda za ta kau da kai.

Jamilu ya juya na'urar, ya jawo baƙar. Ya ce wannan ba ta da ido, sai kunne, amma kunnen nata har bakin famfo yana ji. Tana da batir a cikinta, ko an ɗauke wuta za ta yi yini tana aiki, saɓanin mai gilashi da ke mutuwa tare da NEPA. Ya jona su da ɗan akwatin intanet da ya zo da shi, ya kira sunan baƙar, sai wani haske ya zagaya kanta. Ya tambaye ta da Turanci ko za a yi ruwa yau. Muryar mace ta amsa a natse cewa za a yi.

"Me ta ce?"

"Ta ce za a yi ruwa."

"A Kafanchan, da tsakiyar damina? Wannan ne ilimin da aka ƙetaro teku da shi? Gwiwata ta gaya min tun asuba, kuma ba ta shan data."

Daga bayan katanga muryar Mama Lucia ta taso. "Hajiya, wane baturiya ne ya shigo gidanki?"

"Maigidana ne ya kawo min 'yar aiki, Mama Lucia. Ba ta shara, ba ta wanke-wanke, sai surutu."

"To ai ya yi kama da wanda ya kawo shi," in ji Mama Lucia, ta wuce abinta.

Jamilu ya dafe ƙirji. "Har an haɗa kai da maƙwabta? Zan sake ki, Hajiya."

"Da wace takarda? Biron ma aro za ka yi."

Ya sa na'urar ta kunna karatun Alƙur'ani, sai Hajiya ta gyara mayafi, leɓenta na bin ayoyin. Da aka tsayar, ta ce ba laifi, ashe 'yar tana da tarbiyya, ta fi wasu. Ya nuna mata yadda za ta riƙa tuna mata maganin hawan jini. Ya koya mata sunan da ake tayar da ita da shi, ta faɗa sau ɗaya hasken ya kama, don Hajiya ta yi shekaru tana ciniki da 'yan Kudu masu sarin citta, Turancin kasuwa bai gagare ta ba.

"Kin ga? Ashe tsohuwar tawa da sauranta. Saura abu ɗaya. Ki ce mata ta kira Baba. Kalmar 'kol' za ki fara faɗa, sai ki bi ta da sunansa."

Nan ne gizo ke saƙa, in ji masu magana, ita kuwa Hajiya sai ta shiga kakkaɓe tabarmar da ba ƙura a kanta. Mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗa: sunansa Umar Faruk. Shi ne ɗanta na fari, yanzu har furfura ta cika masa gemu, kuma tun ranar da aka raɗa masa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta kiransa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da magana, sai ta aika ƙannensa ko jikoki, ko da kuwa yana zaune a zaure. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ta yi, kuma ba don ba ta son sa ba. Duk cikin 'ya'yanta babu wanda take kwana ta tashi da shi a rai kamarsa.

Jamilu ya san da haka sarai, shi ya sa bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Faɗi mana, amarya. Da U yake farawa."

"Wannan abar taku kurma ce. Mayar musu."

"Yanzu ta ji ki ai. Sunan sahabi ne fa, lada za ki samu."

"Allah ya shirye ka. Kai dai da an san haka za ka zama, da ragon sunanka an bar shi ya yi kiwo."

"Ni dai na ci raguna biyu, nawa da na aurenki. U, Hajiya. Buɗe baki kamar za ki hura wuta."

Ta ɗaga sandarta, ya ja da baya yana dariya. Amma da ya dubi fuskarta sai dariyar ta tsaya. Hajiya ba wasa take yi ba, tsoro ne ya kama ta. Ta ga motar nan a ƙofar gida, ta ga an ɗaure tukwanenta, ta ga kanta a wani ɗaki mai tayil a Kaduna, ɗan fari na leƙowa safe da yamma yana tambayar ta ci ko ba ta ci ba. Ko ta karya abin da ta riƙe tun tana yarinya, ko ta bar gidanta.

"Jamilu," ta ce, kuma rabon da ta kira shi ba da zagi ba har ta manta, "ba zan iya ba."

Ya matso, ya zauna sosai a tabarmar. "To ai ba dole sai wannan sunan ba. Abin da na rubuta a waya shi take bi. Mu sa Alhaji."

"Alhaji ɗaya na sani, kuma yana maƙabarta."

"Mu sa Baba."

"Shi ya haife ni?"

"To ke yaya kike ce masa?"

"Ubanka."

"Na'ura ba ta da uba, Hajiya."

"Shi ya sa ta fi ka natsuwa, ba wanda ya shagwaɓa ta. In dai da kai za a kwatanta shi, sai dai a ce uban malalaci."

Jamilu ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Ya dube ta, ya dubi na'urar, ya ciro wayarsa ya yi 'yan danne-danne, sannan ya ajiye ta can nesa, ya ɗaga hannuwansa sama kamar wanda aka tare a shingen sojoji.

"Bismillah. Yadda kika faɗa, haka na rubuta."

Ta gyara zama, ta tayar da na'urar, ta ce a hankali, "Kol uban malalaci."

Hasken ya zagaya. Ƙararrawar kira ta cika rumfar, har kaji suka ɗaga kai. Can sai murya ta fito, mai kauri, irin ta Alhaji sak.

"Salamu alaikum. Jamilu, kai ne?"

Jamilu ya toshe bakinsa da hannu. Hajiya ta ja mayafi, ta ɗan karkata gefe yadda ta saba in ya shigo gaisuwa, sai ta tuna ba ido a jikin abar. Ta dubi baƙin dunƙulen nan da kyau, ta ga ashe abin da ta saba da shi ne tun fil azal aka kawo mata.

"Ke 'yar aike," ta ce, "ki gaya wa mai saurare ba Jamilu ba ne."

Sai muryar ɗan nata ta sake fitowa daga Kaduna.

"Inna? Ke kika kira da kanki?"

"Ki ce masa hannun kowa bai taɓa ki ba. Ki ce masa ya bar motarsa ta huta."

Mutumin ya yi wata 'yar dariya da ba ta gama fita ba. Ya girma a gidan nan, ya san yadda ake magana a cikinsa.

"To, 'yar aike, ki gaya mata na ji, ta ci nasara. Amma ki ce mata kullum da safe a aiko ki."

"Ki ce masa in na ga dama." Ta murza bakin mayafi. "Ki kuma tambaye shi ƙafar nan da aka ce tana damunsa. An ce har sanda yake riƙewa."

"Ki ce mata da sauƙi." Ya yi gyaran murya. "Ki ce mata yau ma ta fi sauƙi. Jamilu, kana nan? Da wane suna ta kira ni?"

Jamilu ya dubi kakarsa, ita kuma ta ɗora hannu a kan sanda.

"Suna ne mai kyau, Baba. Kai ba abin da ya same ka a ciki, ni ne dai na ji jiki."

Bayan an yi sallama, ya miƙe yana mayar da mai gilashin cikin kwalinta, yana ƙorafi.

"Shi ke nan, ni aka yanka. Kullum da safe sai an zage ni kafin a gaisa da Kaduna."

"Har da yamma, in na ga dama. Kana iya gogewa ai, ba kai ka rubuta ba?"

"A'a, a bar shi. Na yarda ni malalaci ne, a rubuta a ƙofar gida ma."

"To tunda ka amsa sunanka, ga jan zakaran can. Naka ne, in ka iya kama shi."

Ya tuntsire da dariya, ya naɗe ƙafar wando ya bi zakara bayan mangwaro, zakara na kuwwa, Mama Lucia na ba da umarni ta saman katanga. Yayyafi ya fara sauka kamar yadda gwiwa ta faɗa. Hajiya ta jawo 'yar na'urar daga bakin rumfa, ta goge mata ɗigon ruwa da gefen zaninta, ta ajiye ta kusa da gwangwanin goro.

"Ki kwana da shiri," ta ce mata ƙasa-ƙasa. "Ina da aike da yawa da suka daɗe suna jira."