Duktur Kunne-Biyu a Gidan Rahibai

Duk Bahaushen da ya taɓa neman takardar zama a Alƙahira ya san Duktur Hadi na unguwar Ainu Shams, ko yana so ko ba ya so. Daga bakin Nilu har bakin Kwara babu wanda ya kai shi sanin hoto, kuma wannan magana ba jita-jita ba ce, daga bakinsa aka ji ta. Ya zo daga Funtuwa karatun shari'a shekara goma sha huɗu da suka wuce. A shekara ta uku jami'a ta gane ba ta da abin da za ta ƙara masa, ta sallame shi. Sai ya buɗe situdiyo a ƙarƙashin matakalar wani bene, faɗinsa taku uku, tsawonsa taku huɗu, da kujera ɗaya, da fitila biyu, da farin ƙyalle a bango. Digirin duktur ɗin ma nan ya same shi, ranar da mai rubuta allon shago ya tambaye shi abin da za a sa a gaban sunansa.

Hoto iri ɗaya yake ɗauka, na fasfo da iƙama, wato takardar zama, amma ya mayar da shi ilimi mai babi-babi. Farillan hoto, in ji shi, huɗu ne: mutum ya zauna a tsakiya, bayansa ya zama fari, kada inuwa ta gifta, kunnuwa biyu su fito. Mata masu hijabi kaɗai ya ɗauke wa farilla ta huɗu, saboda larura. Ɗalibai suka sa masa Kunne-Biyu, ya ji, ya ɗauka yabo ne. Kuma ba ya duba hoto bayan ya fitar da shi. Yanka kawai yake yi ya zuba a ambulan, don a ganinsa mai shakka ne ke duba aikinsa.

Ranar wata Litinin da azahar Sulafa ta shigo. Bahaushiyar Sudan ce, yaƙi ya koro ta, tana aikin goge-goge a wani gida a unguwar Mohandessin. Wata biyar ke nan da ta sayi tsohuwar kyamara a kasuwar Ataba. Wata cibiya za ta ɗauki 'yan gudun hijira goma sha biyu ta koya musu hoto na wata shida. Kowa hoto ɗaya zai kai, kuma ranar Alhamis ake rufe karɓa. In Sulafa ta samu shiga, tana sa ran ajiye bokiti da tsumma. In ba ta samu ba, sai baɗi, in ma za a sake.

Hoton da ta kawo a wani tsohon gidan rahibai ta ɗauke shi, can tsohuwar Alƙahira, inda malaman Kirista ke keɓe kansu don ibada. Rana ta ratso ta wata ƙofa mai baka ta raba tsakar gidan biyu, rabi haske rabi duhu. Can gefen hagu wani tsohon rahibi cikin baƙaƙen kaya ya juya baya, ya sunkuya yana zuba wa kyanwoyi uku ruwa a kasko. Tambayarta ɗaya ce: akwai tsintsiya jingine a kusurwar dama, ta yanke ta ko ta bar ta?

Duktur ya riƙe hoton da yatsa biyu, ya nisanta shi, ya kusanto shi, ya yi salati a hankali kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

"Ƙanwata, wa ya yi miki wannan zalunci? Ke da kanki? La haula. Mutumin nan ina fuskarsa? Me ya kai shi gefe, ko laifi ya yi? Rabin hoton inuwa. Baya ba fari ba. Kunne kuwa ko ɗaya babu, in ban da na kyanwa. Farilla huɗu, kin bar huɗu. Wannan hoto ɓatacce ne bisa ijma'i."

Ta so ta tuna masa maganar tsintsiya, ya ɗaga hannu. Ya ce gobe zai rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da aka cire masa haƙori, ya kai ta wurin da kansa ta ga yadda manya ke yi. Sulafa ta ɗauki hotonta ta fita. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana hoto ya ce nata ɓatacce ne, ita kuwa wata biyar.

Talata bayan la'asar suka hau jirgin ƙasa na metro, Duktur da rigar 'yan jarida mai aljihu goma sha shida, ya naɗe farin ƙyallensa a hammata. Tun daga tasha ta farko yake bayani, har suka sauka bai kai ga farilla ta uku ba.

Da suka shiga tsakar gidan ya tsaya ya riƙe ƙugu. Bangon dutsen nan da ya ga ƙarni a kan ƙarni, Duktur ya dube shi sau ɗaya ya gano aibinsa: ba fari ba ne. Ya kori kyanwoyin da ƙafa. Ya ture kaskon. Tsintsiyar ya jefa ta bayan wata tukunya, kuma da haka aka amsa tambayar Sulafa.

Tsohon rahibin, wanda kowa a wurin ke kira Abuna, ya fito ya saurari bayanin Duktur cikin Larabcin littattafan fiƙihu. Da ya ga farin ƙyallen sai fuskarsa ta washe. Ya ce dama katin shaidarsa ya ƙare tun bara, gwiwoyinsa kuma ba sa kai shi situdiyo. Ko baƙon zai taimaka masa da hoton kati guda shida? Duktur ya waiwayi Sulafa don ta shaida yadda sunansa ya kai har wurin waɗanda suka bar duniya.

An ɗan samu saɓani a kan hula. Ta rahibai tana rufe kai har kunnuwa, ana ɗaure ta a haɓa. Duktur ya nemi a cire. Abuna ya yi murmushi ya ce shekara arba'in ba ta sauka a gaban mutane ba. Duktur ya yi ƙiyasi da masu hijabi, ya ba da rangwame.

Aka zaunar da tsoho a kujera. Sulafa da mai gadin gidan suka riƙe ƙyallen a bayansa, gidan rahibai gaba ɗaya ya ɓace. Duktur bai taɓa ɗaukar hoto a fili ba, amma ilimi ilimi ne: ya juya wa rana baya don haskenta ya faɗa daidai kan fuska. Sulafa ta leƙo ta gefen ƙyallen, ta buɗe baki.

"Ustaz, akwai…"

"Ɗalibi ba ya magana lokacin ɗauka. Khalas, magana ta ƙare."

Laraba ya ba ta ambulan biyu, ɗaya na Abuna, ɗaya mai babban hoto na cibiya. Ya ce ba sai ta faɗi sunansa ba, masana za su gane hannun. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta ce shukran ya ustaz. Abin da ta yi tsakanin Laraba da Alhamis ba ta gaya wa kowa ba, sai dai an gan ta a metro da hotuna biyu a cinya, tana duban wannan tana duban wancan, har ta wuce tasharta.

Bayan kwana goma sha tara sunaye suka fito. Sulafa ce ta tara cikin goma sha biyu. Kafin magariba Duktur ya sa an ƙara layi a allon shago: "Muna horar da ɗalibai." Kwana biyu duk wanda ya zauna a kujerar nan sai ya ji yadda aka ceto wata yarinya daga jahilcin inuwa.

A rana ta uku ta zo, shagon cike da sababbin ɗalibai masu neman iƙama. Duktur ya gabatar da ita a matsayin ɗalibarsa ta farko, ya ce ta faɗa wa jama'a abin da masana suka ce da hoton.

"Ustaza Eman, malamarmu, ta ce tsintsiyar ce ta fi burge ta."

Duktur ya ce babu tsintsiya a hotonsa.

"Ma'alish, yi haƙuri ya ustaz, nawa na kai." Ta ajiye ƙaramin ambulan a kan tebur. "Wannan kuma Abuna ya ce a gaishe ka. An kai masa ofis, an mayar masa. Wai inuwa."

Karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya, Duktur Hadi ya duba hoton da ya ɗauka. Ɗalibai suka kewaye shi suna leƙe. Ga Abuna a tsakiya daram, ga baya fari tas. A kan farin, dab da kafaɗar tsohon, ga wata baƙar inuwa ta kai da hula irin ta Duktur, ta ɗago gwiwar hannu kamar mai riƙe da kyamara.

Wani ɗalibi ɗan Damagaram ya matso, ya duba da kyau, ya ce a gaskiya ba a yi wa Duktur adalci ba, don farilla ta huɗu ta cika. Kunnuwan inuwar, duka biyun sun fito.